Jinjina ga Mayaƙan Babban Yatsa

Yabon gwani ya zama dole, ƙin yabonsa kuwa hassada ce tsagwaronta. An daɗe ana cin naman samarin Gaya da Ajingi a bakin kasuwa da majalisun dattawa: wai ba sa barci, wai ba sa amsa kira, wai zuciya ta yi musu yawa, da an taɓa su sai su tashi kamar za su ci babu. Liman ya yi huɗuba, malamin makaranta ya yi ƙorafi, iyaye mata sun yi ta "Allah ya shirya" a tsakar gida. Duk cikinsu ba a sami mai adalci ko ɗaya da ya tsaya ya ce wa yaran nan sannu da fama ba. To, tunda kowa ya noƙe, bari ni in rataya kalangun.

Ƙasar Gaya dai ba yau ta fara fitar da mazaje ba. Masu ba da tarihi sun ce daga nan wani maƙeri mai suna Kano ya tashi neman tama, ya yada zango a gindin Dala, har garin ya ci sunansa, kuma Abagayawan cikin birni da shi suke tinƙaho har gobe. Kundin tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin Sarkin Gaya Farin Dutse, wanda ya yi wa Sarkin Kano Dadi tawaye, ya shekara uku bai kai masa haraji ba, sai da aka yi masa dabara aka kira shi ganawa sannan aka ga bayansa. Sun yi ƙoƙari daidai zamaninsu, ba a raina musu ba. Amma a gaya wa juna gaskiya. Maƙerin nan sai da ya taka sayyada, ya sha rana, ya hura zugazugi kafin ya sami ƙarfen mashi guda. Jikansa na yau yana kwance rigingine a kan tabarma a Kademi ko Toranke, da bindiga iri goma a tafin hannunsa, kafin assalatu ya kashe mutum talatin bai ko sauke ƙafa ƙasa ba. Farin Dutse shekara uku kacal ya iya riƙe tawayensa. Akwai saurayin da ya shekara biyar yana yi wa aiken mahaifiyarsa tawaye, kuma har yau ba a haifi mai yi masa dabara ba.

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gaya mutum sama da 200,000, ta ba Ajingi sama da 170,000. Jariran da aka ƙirga a goye a waccan shekara su ne samarin da suka cika bakin titi yau, kuma Allah ya kawo su a kan gaɓa. Suna fara tasawa, a 2017, wani kamfanin Singafo mai suna Garena ya saki wasan waya na Free Fire. A 2018 PUBG ya sauko daga kwamfuta ya shiga waya. A 2019 Call of Duty ya biyo sawu. Masu Free Fire sun fi kowa tausayin talaka, don sun gina wasansu yadda ƙaramar Tecno ko Itel ta hannu, wadda aka yi cinikinta a kasuwar Farm Centre, za ta ɗauka ba tare da ta suma ba. Tsarin kuma ba ya wahalar da ƙwaƙwalwa: a watso mutum 50 daga jirgin sama a kan wani tsibiri, a PUBG har 100, kowa ya tsinci makami, fili ya riƙa tsukewa, a yi ta kashe juna sai mutum ɗaya ko tawaga ɗaya ta rage. A Free Fire, minti goma an gama. Sai a sake. Sai a kuma sakewa.

Wanda wayarsa ba ta kai ba ma ba a bar shi a baya ba. Ga gidan gem nan: rumfar kwano, benci biyu, talabijin, na'urar wasa ta PS, da ƙaramin janareta yana tari a bayan shago. A nan ake buga Madrid da Barcelona bisa sharaɗin da kowa ya haddace: wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya biya. Masu neman ƙuri'a sun sha yin alkawarin kai ci gaba karkara. Gem bai yi alkawari ba, bai kafa kwamiti ba, bai aza harsashin gini ba, sai kawai aka wayi gari ya isa Gurduba da Balare da Shagogo, ya riga abubuwa da yawa da aka yi shekaru ana jira. Ko wannan kaɗai ya isa a tafa masa.

Falalarsa ta farko ita ce juriya. A da, tashin saurayi da tsakar dare sai an yi da gaske. Yanzu bi lungu da ƙarfe biyun dare ka gani: hasken allo yana fitowa ta ƙasan ƙofar shago, samari huɗu sun haɗa kai, kowa da abin ji a kunne, ido ja wur, ba mai gyangyaɗi. Sun yi bincike sun gano netwok ya fi kwanciya da dare, datar dare kuma ta fi araha. Irin wannan raya dare, a da sai goman ƙarshe na azumi ake ganinsa. Su sun mayar da shi na shekara. Gaskiya ne, lokacin da ladan ke kiran asuba su lokacin suke miƙe ƙafa, amma wanda ya kwana a fagen fama ai ba a tashinsa don noman firi. Gero ba gudu zai yi ba. Ciyawa ma halitta ce, tana da haƙƙin ta rayu. Dattijon da ya saɓa fartanya shi kaɗai da sassafe, ya bi ta ƙofar shagon 'ya'yansa uku majiya ƙarfi, abin da ake buƙata a gare shi shi ne ya taka a hankali kada ya tashe su. Likitoci ma sun ce motsa jiki yana ƙara wa tsofaffi lafiya, kuma ɗa nagari shi ne mai kula da lafiyar ubansa.

Falala ta biyu ita ce tsayuwa a kan aƙida ko ana ha-maza-ha-mata. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur magidanta ke rage cefane. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yarje wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari, ma'aikaci ya rage hira, ɗan tireda ya koma filashin. Ɗan gem bai ja da baya ko taku ɗaya ba. A Oktoban 2024, da manyan layukan lantarki suka lalace Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, masu walda da masu ƙanƙara sun zauna sun rafka tagumi. Mayaƙanmu kuwa suka yi layi a wajen mai caji, suka biya abin da ya yanka, yaƙi bai tsaya ba.

Daga ina kuɗin ke fitowa? Tambayar mahassada ke nan. Buhun wake da ke ɗakin ajiya bai san nauyin kansa ba. Riɗi in ya rage tiya biyu, ɓera ne. Kuɗin rajistar jarrabawa kuwa, jarrabawa ai kowace shekara ana yi. Kuma ba a banza kuɗin ke tafiya ba: da su ake sayen dayamon, a ɗinka wa sojan cikin allo riga mai walƙiya, a saya masa bindiga mai zanen wuta, ko da shi mai sojan singiletinsa ta yage a kafaɗa. A PUBG, duk wanda ya yi nasara rubutu kan fito a allo yana yi masa albishir da kaza a abincin dare. Kaji nawa na gaske ne suka ɓace daga akurkin iyaye mata ranar kasuwa saboda wannan kazar ta rubutu? Sai Allah. Amma a dubi alherin da ya bazu. Mai caji ya samu. Mai POS ya samu. Mai gyaran waya ya fi kowa samu, don wayar da aka maka da bango ba ta ɗinke kanta. Can kuma masu hannun jari a Singafo da Sin da Koriya ta Kudu sun samu. Waken Ajingi yana ciyar da attajiran da ba su taɓa jin sunan Ajingi ba. Ga fitar da amfanin gona ƙasashen waje da ake ta wa'azi a kai, yara sun aiwatar ba tare da rancen banki ba.

Yanzu mu zo kan babbar baiwar, wadda aka fi yi wa mummunar fahimta: zafin zuciya. Akwai abu guda da iyaye mata suka kasa ganewa duk da an sha yi musu bayani da babbar murya. Wasan intanet ba a dakatar da shi. Ba kaset ba ne. Mutum arba'in da wani abu suna farautarka, abokan tawagarka uku suna ihu a kunnenka, matsayin da ka yi wata biyu kana ginawa yana lilo, a daidai nan ne Inna za ta ɗaga labule ta ce, "Ɗan nan, tashi ka ɗebo mana ruwa, randa ta ƙafe." Wane irin rashin lissafi ne wannan? In ya daka mata tsawa ya ce, "Haba Inna! Ga shi nan kin sa an kashe ni!" ai gaskiya ya faɗa. An kashe shi. Ita da naƙudarsa kawai ta yi, ina ta san zafin mutuwa? Gara da ta ja bakinta ta ɗauki bokiti da kanta.

Kakanninmu ma sun yi faɗa, sai dai nasu cike yake da wauta. Ɗan dambe sai da kaka, bayan amfani ya shiga rumbu, zai naɗe hannu ya shiga fili ya nemi wanda ya kai shi ƙarfi ko ya fi shi, a gaban jama'a, ga alƙali, ga manya masu rabawa. Turmi uku an tashi, wanda ya faɗi a ɗaga shi a kakkaɓe masa ƙasa, gobe a haɗu a mahauta a ci tuwo kwano ɗaya. Ɗan kokawa ma haka. Dubi ganganci: ka kai jikinka inda za a dake shi, ka daki wanda zai iya ramawa! Ɗan gem ya fi su wayo nesa ba kusa ba. Wanda ya harbe shi yana Legas ko Alkahira ko wata ƙasar da bai san sunanta ba, hannu ba ya kai wa gare shi. To, fushin a zubar da shi? Almubazzaranci ba kyau. Sai a sauke shi a kan wanda ke kusa kuma ba zai rama ba: ƙanen da ya yi magana ana sauraren takun abokin gaba, ƙanwar da ta zare caja don ta jona tocila, akuyar da ta yi kuka ba a kan lokaci ba. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mu a baki muka bar wannan magana. Samarinmu sun mayar da ita aiki. In ba wannan ba ne raya al'ada, mene ne?

Gidan gem kuwa makarantar shari'a ce mai zaman kanta. Janareta ya mutu a minti na 88 ana ci ɗaya da nema: wa zai biya? Mas'ala ce da ba ta cikin littafi, don haka sai a yi ijtihadi. Ana farawa da "hannun nan ne ya lalace", a wuce zuwa "kai dai ba ka iya ba", daga nan a ambato iyaye mata ɗaya bayan ɗaya, sai a rufe zama da ƙafar benci. Abokai biyu da suka yi makarantar allo tare, suka ci dukan malam ɗaya, suka yi tashe tare, sai su shekara ba sa ga maciji saboda ƙwallon da ƙafar ɗan Adam ba ta taɓa ba. Wannan shi ake kira kishi. Mai unguwa ma ya amfana, don da ba don gem ba da ya manta yadda ake sulhu. Ga kuma ilimin harshe kyauta: malamin Turanci ya yi shekara shida bai cusa wa yaro jimla ɗaya miƙaƙƙiya ba, gem cikin wata uku ya koya masa ashar da Turanci da Larabci, har da guntun Faransanci.

Waɗanda suka yi aure a cikinsu, matansu sun fi kowa dace. Amarya ta tare ta tarar an riga an yi mata kishiya, wadda ba a yi wa lefe ba, ba ta girki, ba ta shara, amma kwana nata ne kullum, kuma ita ake fara ba abinci in an sami wuta. Idan amarya ta yi ƙarfin hali ta ce, "Yaya, yaron nan jikinsa da zafi tun magariba," za a amsa mata da "ina zuwa" ba tare da an ɗaga kai ba. In ta maimaita, ta ga abin da ya fi zazzaɓi zafi. Da haka take koyon haƙuri, kuma kowa ya san matsayin haƙuri a zaman aure. Miji nawa ne ke ɗaukar nauyin tarbiyyar matarsa haka dare da rana?

Dole in kare gem daga ƙazafi, domin har manyan duniya sun sa shi a gaba. A Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon kundin cututtukanta, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ta sa jarabar gem a ciki. Ta ba da alamomi uku: mutum ya kasa iko da lokacin farawa da na dainawa, wasan ya shiga gaban sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba da yi duk da yana ganin ɓarnar da ake yi masa, har abin ya ɗauki kamar shekara guda yana rusa masa karatu ko sana'a ko zaman iyali. Ku ji fa! Abin da mu muke kira naci da jajircewa, su sun kira shi ciwo. Hukumar dai ta ce 'yan kaɗan ne cikin masu wasa ke kai wa wannan matsayi, kuma hakan ya ƙara wa namu daraja: ba kowa ke kai wa ƙololuwa ba.

Masu cewa gem yana mayar da yaro makashi kuwa, masana sun ba su kunya. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce a 2015 akwai alaƙa tsakanin wasannin kashe-kashe da ƙaruwar tsawa da zagi da ture-ture, amma a 2020 ta sake jaddada cewa babu isasshiyar hujjar ɗora musu alhakin zubar da jini. A 2019 Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford da Netta Weinstein sun bincika matasan Birtaniya kusan 1,000 tare da iyayensu, ba su ga cewa mai buga wasan harbi ya fi wanda ba ya bugawa faɗa ba. Alhamdu lillahi, an wanke gwanina daga kisan kai. Tsawa ce kawai, da zagi, da ɗan mari. Waɗannan ai kayan cikin gida ne.

Sai dai wani binciken da shi Przybylski ya yi da Richard Ryan na Jami'ar Rochester da abokan aikinsu a 2014 ya fi burge ni. Sun ga cewa abin da ke tunzura mai wasa shi ne takaici: ya so ya iya ya kasa, wasan ya ƙi yi masa biyayya, a yi ta cin sa. Ko wasan jera tubala ne, wanda babu ɗigon jini a ciki, in aka murɗe shi ya yi wuyar sarrafawa sai mutum ya tashi a fusace. To, in takaici ne takin wannan shuka, ina ƙasar da ta kai tamu albarka? Ka ɗana bindiga, netwok ya tsaya cak, ya dawo ka tarar da gawarka. Ka kai zagayen ƙarshe, batir ya mutu. Data ta ƙare ana tsakiyar artabu. Wayarka ta yi zafi tana jan ƙafa, abokin karawarka yana riƙe da wadda ta ninka taka kuɗi sau goma. A zuba rashin barci a kai, da yunwa, da bashin mai caji. Yaron Landan sai ya yi wahala kafin ya fusata. Namu an haɗa masa komai a faranti.

Kamfanonin ma ba su bar abin a hannun sa'a ba, sun yi aiki tsakani da Allah. Kyautar shiga kullum, wadda in ka tsallake rana ta wuce ka. Kakar wasa mai ƙarewa, a rage maka matsayi, ka sake hawa daga ƙasa. Kayan ado na 'yan kwanaki, in ba ka saya yau ba gobe babu. Tawagar da za ta zage ka in ka fita ana tsakiyar wasa. Sai kuma akwatin sa'a, inda za ka biya kuɗi ka juya ba ka san abin da zai faɗo ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta duba irin wannan akwati a 2018 ta ce caca ce. A Oktoban 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a birnin Kano, ta yi abin da za ta iya. Amma wannan ba ta da shago balle a sa mata kwaɗo. Tana cikin aljihu, tana shiga masallaci, tana kwana ƙarƙashin matashi. Wane ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari ya taɓa kai wa wannan basira?

Abin mamaki, masu kayan ba su san darajar kayansu ba. Sin, ƙasar kamfanin Tencent da ya sa PUBG a waya, ta kafa doka a Agustan 2021 cewa wanda bai kai shekara 18 ba awa ɗaya tak zai buga wasan intanet, daga ƙarfe takwas zuwa tara na dare, ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Awa uku a mako! Namu kafin karin kumallo ya cinye rabon ɗan Sin na sati. Koriya ta Kudu, mahaifar PUBG, ta shekara goma daga 2011 tana rufe wa 'yan ƙasa da shekara 16 wasa daga sha biyun dare zuwa shida na safe, wato daidai lokacin da abin ya fi daɗi. Majalisar Iraƙi ta kaɗa ƙuri'ar hana PUBG a 2019, Jodan ta hana a shekarar, majalisar malaman Aceh ta Indunusiya ta ba da fatawar haramci, Indiya ta toshe PUBG a 2020 ta bi da Free Fire a 2022. Rowa ke nan da ƙauyanci. Suna dafawa, suna hana 'ya'yansu ci. Mu kuwa masu karamci ne, baƙo ba ya zuwa ƙofarmu a tambaye shi abin da ke cikin jakarsa.

Ba zan yi butulcin mantawa da waɗanda suka share wa gem fage ba. Na farko iyaye. Uban da ya ce, "Gara ya zauna a ɗaki da wayarsa da ya bi 'yan daba," ya yi hangen nesa: maimakon yaro ya fita neman daba a waje, an kawo masa ita har gado, ba sara ba suka, kuma waɗanda za su ɗanɗana 'yan gida ne, asiri a rufe. Shi kansa uban yana majalisa da tasa wayar yana bin bidiyo har sha ɗayan dare, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa ake miƙa wa ɗan shekara uku waya don ya yi shiru.

Na biyu masu riƙe da madafun iko, waɗanda gem ya yi wa hidimar da ma'aikatar matasa goma ba za su iya ba. Saurayin da ya gama sakandare, babu gurbin karatu, babu jari, babu ruwan noman rani, cirani kuma ya daina biya kamar da, mutum ne mai hatsari, don yana iya zama ya yi tunani. Yana iya tambaya ina filin ƙwallon da aka ce za a gyara, ina wurin koyon sana'a, ina ɗakin karatu. Gem ya ɗauke wannan nauyi gaba ɗaya. Ya ba shi muƙami, ya ba shi lambar yabo, ya ba shi abokan aiki, ya nuna masa wuri guda a duniya inda in ka yi ƙoƙari ake ganin sakamako nan take ba sai ka san wani ba. Jami'ar kimiyya da fasaha tana nan Wudil, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, ana koyar da ilimin kwamfuta, irin wanda da shi ake ƙera waɗannan wasanni. Amma me zai kai mutum wahalar ƙira ga shi ana kawo masa ƙerarre? Sannan in kakar zaɓe ta zo, ga samari nan a shirye: ba barci, ba aiki, zuciya a wuya, sun saba bin umarnin murya a kunne. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo.

Saboda haka ina da 'yan shawarwari. Tunda an dawo da masarautar Gaya a Yulin 2024, da Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta, Allah ya ja zamanin sarki, ina roƙon a duba yiwuwar naɗa Sarkin Yaƙin Allo, a yi masa hawa a kan tabarma tunda doki zai jijjiga masa hannu. A nemi damina ta riƙa sauka da la'asar, lokacin da manoman gobe suka farka. A horar da iyaye mata su riƙa tambaya da ladabi ko zagaye ya ƙare kafin su yi aike, su yi rashin lafiya, ko su mutu. A ɗinka wa ƙanne hular kwano. Masu gidan gem kuma a tallafa musu da bencin roba, don rage wa asibiti aiki.

Ku kuma mazaje, kada ku saurari kowa. Ku ci gaba. Shekarun ashirin ai ba sa ƙarewa, ƙarfi ba ya tafiya, ido ba ya dushewa, Baba kuma zai yi ta noma har abada. Matsayin da kuka gina yana nan a ajiye a na'urar wani kamfani a wata nahiya, kuma kamfani bai taɓa rufe wasa ya tafi da komai ba. Ko ya rufe, za ku nuna wa surukai hoton allo a matsayin sadaki. Nan da shekara ashirin, in Allah ya kai mu, ku ne iyaye. Wata rana ƙafa za ta yi nauyi, ƙishirwa ta kama ɗayanku, ya ɗaga labule ya ce, "Ɗan nan, miƙo mini ruwa." Amsar da zai samu, kada ya yi fushi, kada ya kai ƙara wajen mai unguwa, kada ya ce zamani ya lalace. Ya gode wa Allah da ya ba shi magaji, ya lallaɓa ya ɗebo da kansa.